A duba jinin tsuntsayen Kuje

Duk mai kiwon tantabara a Kuje ya san ƙudan nan mai faɗin jiki da ke lafewa a ƙarƙashin gashinta, ka kai hannu ya sulale gefe. Cizonsa ne ke zuba wa tantabara wata ƙwayar cuta a jini, wadda masana ke kira Haemoproteus. Tana da 'yan'uwa biyu: Plasmodium da sauro ke yaɗawa, da Leucocytozoon da ƙaramin baƙin ƙudan bakin rafi ke ɗauka. Kurciya da marai da makwarwa kan yi yawo da irinsu ba alamar ciwo, sai in sun yi yawa su lalata ƙwayoyin jini, tsuntsu ya rame, ya yi laushi.

A ganina lokaci ya yi da za a san wace ƙwaya ce ke jikin wane tsuntsu a wannan yanki. Gonakin kaji sai kutsawa daji suke yi, ga zabi da kajin gida suna kwana bishiya ɗaya da na daji, sauro ɗaya na cizonsu duk damina. Gaskiya ne galibin ƙwayoyin nan kowace da tsuntsun da ta saba da shi, ba lallai ta kurciya ta kama kaza ba. Amma wadda ke tsallakawa ido ba ya gane ta, sai an ɗebi ɗigon jini a jijiyar fiffike, a shafa kan gilashi, a rina, a leƙa ta madubin likita, a saki tsuntsun ya tafi. Masu iya aikin ba nisa suke ba: ga likitocin dabbobi na Jami'ar Abuja, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924, ga cibiyar Leventis ta nazarin tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos.

Wani zai ce yaranmu na mutuwa da maleriya, ina mu ina jinin tsuntsu? Maganarsa da nauyi, kuma a kwantar da hankali, ta tsuntsu ba ta kama mutum. Sai dai a tuna, a 1898, a Kalkata ta Indiya, da tsuntsaye Ronald Ross ya tabbatar cewa cizon sauro ke yaɗa cutar. A Hawai kuwa, sauro ya shiga tsibiran a 1826, daga baya maleriyar tsuntsaye ta yi wa tsuntsayen wurin mummunar ɓarna, don jininsu bai taɓa haɗuwa da ita ba. Mu ma kullum baƙin kaji muke shigowa da su.

Kada wannan ya sa kowa ɗaukar danƙo ko guba. Kashe kurciya ba ya rage sauro. A cike kududdufan bayan ɗakin kaji, a sa raga. Sashen noma na ƙaramar hukumar Kuje da masu gonakin kaji kuma su gayyato masana kafin damina ta kankama.