Ita mai jinyar fa, wa ke duba ta?

Tun 2007 doka ta ce maganin kansar mama da ta mahaifa kyauta ne a Nijar. Madalla. Amma dokar ba ta biyan kuɗin mota. Na'urar gashin kansa da aka buɗe a 2021 tana Yamai. Mutanen Damagaram sai sun yi kusan kilomita 900 da mara lafiya. Gashin kuma ba na yini ɗaya ba ne, makonni ake jerawa.

Wa ke ɗaukar nauyin? Galibi ɗiya ce ko ƙanwa, ta ajiye makaranta ko sana'a. Ita ke kwana bisa tabarma, ita ke goge amai bayan shimiyo, ita ke zagaya farmasi da takarda in maganin "kyauta" ya yanke. Dangi na bugo waya, "ya mai jiki?" Ba mai tambayar ko ita ta ci abinci.

Gwamnati ta gina masauki kusa da cibiyar kansa, haƙƙinsu ne. Kafin nan, ƴan fadar Yamai, kuɗin shayin mako ɗaya ya isa kwanon tuwo da na taksi. Ƴan mata kuma ku karɓe ta jinyar awa uku, ta samu barci.