Fanshon ma'aikata: mu ma da kuɗinmu a ciki

Kwanan baya muna zaune bayan sallar la'asar a nan Zango, sai gardama ta kaure tsakanin dattawa biyu. Ɗaya tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana kukan fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ɗayan mahauci ne, ya fi shekara 40 yana sana'a. Ya saurara har malam ya gama, sannan ya ce: "Malam, kai ka gode Allah. Ni ranar da hannuna ya kasa riƙe wuƙa, wa zai ba ni ko dala?" Aka yi dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a rai, domin dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar zancen albashi da fansho kamar ba namu ba ne, tunda 'ya'yan Zango kaɗan ne ke aikin gwamnati. Wannan kuskure ne, jama'a. Duk wanda ya sayi kaya a shago aka ɗora masa harajin TVA na kashi 18 cikin 100, duk mai sa kuɗi a waya, duk mai rumfa da ke biyan lanfo, ya zuba a baitulmali. Daga nan albashi ke fita. Wanda kuwa ya zuba kuɗinsa, yana da bakin tambaya.

Ga yadda abin yake tafiya. Asusun CARFO, wanda aka kafa a 1986 zamanin Thomas Sankara, shi ke biyan ma'aikatan gwamnati da sojoji fansho. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata kason, wanda ya fi na ma'aikacin yawa. Kuɗin da masu aiki suka zuba yau, da shi ake biyan tsofaffin yau. Kamar adashi ne: muddin masu zubi suna da yawa, kowa zai ɗauka. Ranar da masu ɗauka suka rinjayi masu zubi, sai a waiwayi baitulmali, wato aljihun mahauci da mai tuwo-tuwo.

Shi kansa albashin ya daɗe da zama nauyi. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe masu kuɗin sefa, ta sa ma'auni cewa kada albashi ya wuce kashi 35 cikin 100 na harajin da ƙasa ke tarawa. Burkina ta yi shekaru tana sama da wannan iyaka. Shi ya sa a watan Yunin 2018 gwamnatin Roch Kaboré ta kira babban taro a Wagadugu kan daidaita albashin ma'aikata, amma wasu manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙaurace masa. A 2020 aka faɗaɗa harajin albashi ya hau kan alawus na ma'aikatan gwamnati, aka shiga yajin aiki. Daga Janairun 2024 kuma ana cire kashi 1 cikin 100 na albashi domin asusun tallafa wa yaƙi. Ma'aikaci yana jin an matse shi, ɗan kasuwa yana jin shi ake tatsa, kowa na kallon ɗan'uwansa da hararar da ba ta dace ba.

Ni ban yarda a ce malamin makaranta ko ungozoma su ne matsalar ba. Wanda aka tura ƙauyen da kowa ke gudu, ya koyar da yara ko ya karɓi haihuwa cikin tsoro, ya ci guminsa, kuma haƙƙin ma'aikaci ba abin wasa ba ne. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa kullum tana buƙatar ƙarin malamai da likitoci, ba ragi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin ma'aikatan kansu. Mutum biyu masu takarda iri ɗaya, ɗaya alawus ɗinsa ya ninka na ɗayan saboda ma'aikatar da ya faɗa. Ga kuma masu karɓar albashi ba sa zuwa aiki. Binciken da aka yi wa takardar albashi a 2023 abu ne mai kyau, sai dai bai kamata ya zama na lokaci ɗaya ba. A riƙa yi kowace shekara, a kuma faɗa wa jama'a abin da aka samu.

Haka ma CARFO. A riƙa bayyana wa talaka, da harshen da yake ji, a rediyo da Mooré da Jula da Fulatanci da Hausa: mutum nawa ke zubi, nawa ke karɓa, ina aka ajiye rarar, kuma shekara nawa za ta kai. Idan akwai gyaran da za a yi, gara a yi shi tun da sauran ƙarfi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sai kuma namu laifin. Asusun CNSS yana da tsarin zubi na ganin dama, wanda mai sana'ar kansa zai iya shiga ya tara wa tsufansa. Mu nawa ne muka taɓa zuwa muka tambaya? Alhazanmu masu shaguna, nawa ne suka yi wa yaran shagonsu rajista, ko suke biyan mafi ƙarancin albashi na jika 45 da aka tsayar a 2023? Mun dogara ga 'ya'ya da zumunci, kuma alhamdulillahi suna aiki. Amma waɗanda suka ga yadda aikin ZACA ya tashi tsohuwar unguwar Zangouettin a 2003, dangi suka watsu, sun san zumunci ma yana raunana idan gidaje suka yi nisa.

Shawarata ga sarakunan Zango da shugabannin 'yan kasuwa da na mahauta: ku gayyato jami'an CNSS su zo unguwa su yi bayani, malamanmu su zauna a wurin su yi tambayoyin da ke damun mutane game da halaccin tsarin. Idan muna biya domin tsufan wasu, to mu ma mu tanadi namu. Allah ya sa mu gama lafiya.