Ba A Yi Wa Mutum Aski Ba Ya Nan: Kira Ga Fatake Kan Filin Radiyon Jaha

Ina roƙon mai kula da wannan takarda tamu ya ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daren Jumma'ar da ta shige ina zaune ƙofar gidana nan Maradi, mun gama lissafi da yarana, sai ɗayansu ya kunna radiyo. Muka faɗa kan filin nan na muhawara da gidan radiyon jaha ke yi kowane mako, wanda ake gayyato ƙungiyoyi su zo su bayyana ayyukansu, sannan a karanta sanarwar tarurrukan da ke tafe, daga ƙarshe a buɗe waya masu saurare su bugo. Baƙi huɗu ne a wannan dare. Akwai wata baiwar Allah daga cikin ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, akwai wakilin makiyaya, akwai wakilin manoma, sai kuma likitan dabbobi. Aka yi maganar allurar rigakafi da za a fara in sanyi ya kama, aka yi maganar zaman da za a yi don tsai da ranar sakin gonaki, aka taɓo burtali da mashaya, har kokowar takobi ba a bar ta a baya ba.

Sa'a guda cur ana maganar dabba. Aka ambaci mai kiwonta, aka ambaci mai yi mata allura, aka ambaci mai gonar da take wa ɓarna. Wanda ke fidda kuɗinsa ya saye ta, ya biya la'ada, ya biya tikitin kara, ya biya duwan, ya ɗora ta a mota har Jibiya ko Illela ko Mai'aduwa, shi kaɗai ne ba a ji ɗuriyarsa ba. Da aka buɗe waya na ƙidaya mutum bakwai da suka bugo, babu falke ko ɗaya. Ni ma da ke wannan magana, wallahi waya na cikin aljihuna, ban buga ba. Saboda haka kada wani ya ce na ware kaina.

Abin da nike so in ce shi ne, ya kamata ƙungiyarmu ta nemi kujera a wannan fili, kuma ta riƙa aika wakili duk taron da aka ba da sanarwarsa in dai ya shafi dabba. Zan faɗi dalilaina, kowa ya auna.

Na farko, mu tuna yadda manyan labarai ke iske mu. A watan Janairu na 1994 ina yaron mota wajen ubangidana, a radiyo muka ji an karya darajar sefa, ta koma rabi. Dare ɗaya lissafin kowa ya birkice. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba na 2020. Bayan canjin mulki na Yuli 2023 aka sake rufewa, sai watan Maris na 2024. A watan Mayu na 2025, gab da Babbar Salla, aka dakatar da fidda dabbobi zuwa waje don farashin rago ya sauko wa mutanen gida. Ban zo gardama da hukunci ko ɗaya cikin waɗannan ba, kowace hukuma tana da dalilinta, kuma magidancin da ke neman ragon layya shi ma ɗan'uwanmu ne. Amma ku lura da abu ɗaya: duk lokacin da irin haka ta faru, washegari ake cika gidajen radiyo ana muhawara, kowa na faɗin inda takalmi ke matsa shi. Falken da ya ci bashi ya tara raguna ɗari a turke, yana sayen dusa da harawa kullum, babu mai faɗin nasa. Jama'a kuwa abin da suka ji shi suka riƙe. Shi ya sa har gobe in rago ya yi tsada, sai ka ji ana cewa fatake da dillalai ne suka haddasa. Wa ya taɓa zama gaban makirfo ya warware wa mutane abin da ke kan rago tun daga ruga har turke: kuɗin kora, kuɗin mota, abinci, tikiti, canjin naira da sefa, da wanda ya mutu a hanya?

Na biyu, tarurrukan nan da muke ji a radiyo mu yi ko oho, a cikinsu ake yanke abin da ke taɓa aljihunmu. Ɗauki zaman sakin gonaki. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira kofo, daga ƙauye har gunduma, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara fayyace haƙƙin burtali da mashaya da yadda ake tsai da ranar da dabba za ta shiga gona bayan girbi. Wani zai ce ina ruwan falke da wannan, ai maganar manomi da makiyayi ce. To, ƴan korarmu ta ina suke bi? Shanun da muke saye a Dakwaro ko Abalak mu koro su kudu, ba burtali ɗaya suke bi da na makiyaya ba? In gona ta cinye burtali, ko an toshe hanyar mashaya, shanunmu ake kamawa, mu ake ci tara. Ranar sakin gonaki ita ke nuna lokacin da garke zai gangaro, lokacin da kara za ta cika, lokacin da farashi zai sassauta. Wanda ya san ranar tun da wuri ya san yaushe zai shirya kuɗinsa.

Bari in ba ku abin da ya same ni da kaina. Shekarun baya, a wata karamar hukuma da ba sai na kama suna ba, aka kira zama don a sake duba kuɗin tikitin kasuwar dabbobi da wurin lodi. An ba da sanarwa a radiyo har sau uku, daga baya na tabbatar. Mahauta sun je, masu sayar da abinci a bakin kara sun je, mu fatake ko mutum ɗaya. Aka maida wurin lodi can bayan gari, inda babu inuwa babu ruwa. Ranar kasuwa na isa da mota, shanuna goma sha takwas suka yini tsaye cikin rana, wani bajimi ya faɗi, sai da wuƙa muka cim masa, na sayar da shi ga mahauta kuɗin da bai kai rabin abin da na saye shi ba. Da na je kuka, abin da aka ce mini shi ne, Alhaji ai an kira ku, ba ku zo ba. Na rasa ta cewa, don gaskiya suka faɗa.

Haka maganar rigakafi. Dattawanmu sun ga bushiya, sun san abin da ta yi wa garke. Allura ce ta kashe ta, har a 2011 aka bayyana cewa an rabu da ita a duniya baki ɗaya. Amma ciwon huhu na shanu yana nan, annobar awaki da tumaki ma tana nan, shi ya sa kowace shekara ake zagayen allura. Mu ne muke haɗa dabbar gari biyar a turke ɗaya, mu cusa su mota ɗaya. In cuta ta shiga, mu ne farkon hasara, kuma mu ne ke ɗaukar ta mu kai wata ƙasa. Sanin ranar da masu allura za su sauka gari kaza, da sanin irin takardar lafiya da ake tambaya a bakin iyaka, aikinmu ne kafin ya zama na kowa. Tun da Nijar ta fita CEDEAO a watan Janairu na 2025, falke nawa ne ya tsaya yana tambayar ɗan'uwansa a tasha wace takarda ke ci yanzu? Wannan tambaya gaban jami'in da ya sani ya kamata a yi ta, a fili, kowa na ji, amsar ta zama shaida.

Na uku, mu dubi waɗanda suka riga mu. Makiyaya da muke wa kallon mutanen daji sun kafa AREN tun 1990, a 2003 kuma suka haɗa kai da ƴan'uwansu na Mali da Burkina suka yi Billital Maroobe. In an je bikin lasar gishiri a Ingal cikin watan Satumba suna nan da bakinsu, in an je Hotungo a Bangi suna nan. Matan nan na asusu da suka faro a nan jihar Maradi tun 1991 da ƴan dalolinsu a kwano, yau ga su a radiyo suna bayani dalla-dalla, ba kame-kame. Mu da kuɗin sa guda ya fi abin da asusunsu ke tarawa a wata, mun kasa fidda mutum ɗaya mai magana da sunanmu. Ba hassada nike musu ba, Allah Ya ƙara musu. Koyi nike so mu yi.

Na san abin da wasu manyanmu za su ce, don na sha jin sa a rumfa. Za su ce fatauci sirri ne, wanda ya shiga radiyo ya tona kansa ga mai haraji da ɓarawo. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma ban raina ta ba. Duk wanda ke bin hanyar Madarunfa da Ɗan Isa zuwa Jibiya a shekarun nan ya san abin da ake ciki, ya san ƴan'uwanmu da aka tare, ya san waɗanda aka sayar da dukiyarsu kakaf aka fanso su. Saboda haka ni ma ina cewa: kada wakilinmu ya kama sunan kowa, kada ya faɗi ranar lodi, kada ya faɗi hanyar da mota za ta bi, kada ya faɗi yawan kan da wane ya saya. Waɗannan su tsaya tsakaninmu. Amma maganar burtali, da tikiti, da takardar lafiya, da yawan shingayen hanya, da rashin ruwa a kara, wane sirri ne a ciki? Ɓarawo bai jira radiyo ba kafin ya san ranar kasuwa. Mai haraji kuwa a bakin kara yake zaune, ya fi mu sanin adadin shanun da suka shiga. Shirun da muke yi bai ɓoye mu ga waɗannan biyun ba, ya dai ɓoye mu ne ga masu yanke shawara.

Wasu kuma za su ce ba mu yi lakwal ba, in an shiga muhawara da masu faransanci za a kunyata mu. Ni kaina allo da Islamiyya na yi. Amma filin da Hausa ake yin sa, kuma mutumin da ke iya tsayawa tsakanin Bafillace da Bayarabe ya daidaita ciniki, ya juya naira zuwa jikka da ka ba tare da alƙalami ba, ba a ce masa bai iya magana ba. Abin da ya rage mana shi ne shiri: a zauna kafin a je, a tsai da magana biyu ko uku, a bar zagi da kama suna, a faɗi abin da aka gani da ido.

Ga shawarata ga shugabanni, in sun ga ta dace. A babban zamanmu mai zuwa a zaɓi mutum biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya mai karatu, su zama bakin ƙungiya. A rubuta wa gidan radiyo takarda a nemi a riƙa gayyatar mu ko da sau ɗaya a wata, in akwai abin biya a fidda daga asusu, bai kai la'adar saniya biyu ba. Matashin ya riƙa sauraren filin kowane mako da littafi a hannu, ya rubuta kowane taro da ranarsa da wurinsa, a buga a wannan takarda, a kuma tura ta waya ga waɗanda ke kan hanya. Duk zaman da ya shafi kasuwa, ko burtali, ko allura, a aika mutum, ya dawo ya ba da bayani. Mu ma in za mu yi namu taron, mu kai sanarwa a karanta, mu gayyaci makiyaya da mahauta da direbobi, don abincinmu ɗaya ne. Kuma tunda iska ba ta san iyaka ba, abokan cinikinmu na Jibiya da Katsina suna kama tashoshinmu kamar yadda muke kama nasu, sai mu roƙe su su riƙa sanar da mu abin da aka faɗa a nasu ɓangaren, mu ma mu sanar da su.

Zaman sakin gonaki na bana yana tafe, allura na biye da shi. In ƙungiya ba ta kai ga zaɓen wakili ba kafin nan, ni dai na yi alkawari zan rufe turke in je in zauna, ko a bayan kowa ne. Wanda ya ga zai iya raka ni, ya san rumfata. Ranar Jumma'a kuma, in Allah Ya kai mu, da an buɗe waya zan buga.

Inda na yi daidai a ɗauka, inda na yi kuskure manya su gyara mini. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a kasuwa.