SHARHI: Gyaran Wi-Fi A Linux Ya Rataya A Wuyan Mutane Ƙalilan

A cikin watan Oktoba na shekarar 2022 ne aka ba da sanarwar gano kurakurai biyar a sashen Wi-Fi na Linux, watau manhajar nan da Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, wadda kowa ke da iznin karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. Maganar ba ta masana kaɗai ba ce, domin kuwa zuciyar Linux ita ce ke ƙarƙashin kowace wayar Android, ita ce kuma ke tafiyar da ɗimbin na'urorin rarraba intanet da ake kafawa a ofisoshi da makarantu.

Wanda ya fara tono matsalar shi ne Sönke Huster, wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt a Jamus. Dabarar da ya bi ita ce ya riƙa cusa wa manhajar gurɓatattun saƙonni barkatai har ta yi tuntuɓe, sa'an nan ya duba inda ta faɗi. Abin da ya gano yana da ban tsoro. Kamar yadda aka sani, kowace na'urar rarraba Wi-Fi takan riƙa yin shela a iska, tana faɗin sunanta da irin aikinta, kwamfuta kuma tana sauraro ko da mai ita bai nemi shiga ba. A fitowar Linux mai lamba 5.1, a shekarar 2019, an ƙara wata hanya ta karanta shela ɗaya mai ɗauke da sunayen hanyoyin sadarwa da yawa. To, a nan ne aka yi sakaci wajen auna tsawon saƙo da kula da ma'ajiyar kwamfuta. Saboda haka mugu da ke kusa yana iya ƙirƙiro shelar ƙarya ya watsa, ba tare da ya san kalmar sirri ba, ba kuma tare da mai na'urar ya taɓa kome ba. Biyu daga cikin kurakuran na iya tsai da na'ura cik. Sauran ukun kuwa an ɗauke su a matsayin ƙofar da za a iya bi a sa na'urar ta aikata umurnin baƙo. Kimanin shekara uku ɓarakar ta yi a buɗe.

Ɗinkin bai ɗauki lokaci ba. Johannes Berg, ma'aikacin kamfanin Intel wanda ke kula da tushen sashen Wi-Fi, ya rubuta gyare-gyaren tare da taimakon Huster, kuma cikin 'yan kwanaki da sanarwar Greg Kroah-Hartman ya fitar da su a rassan Linux da ake ci gaba da kulawa da su. Masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja suka ce ga ranar tsarinsu, kuma suna da gaskiya: da rubutun a kulle yake, da mai bincike na jami'a bai samu damar bin sa layi-layi ba. Amma fa a lura, hannun da ya yi ɗinkin ƙwaya ɗaya ne ko biyu.

Wannan shi ne ainihin abin dubawa. Tsakanin zuciyar Linux da ɗan guntun lantarkin da ke kama Wi-Fi akwai wani rubutu da ake kira direba, wanda aikinsa tamkar na tafinta ne. Kowane iri na guntu da nasa tafintan, masu ƙera su kuwa suna da yawa: Intel, Broadcom, Realtek, MediaTek, da Atheros wanda Qualcomm ya saye a 2011. Shekaru da dama wasu daga cikin kamfanonin nan sun ƙi bayyana yadda kayansu ke aiki. Dole ta sa masu sa kai suka riƙa aro direbobin Windows ta wata manhaja mai suna NDISwrapper, wasu kuma suka zauna suna nazarin guntun Broadcom har suka fito da direban b43 da ƙoƙarin kansu. Sai a 2008 Atheros ya saki buɗaɗɗen direbansa na ath9k, Broadcom kuma ya biyo baya a 2010. Duk da haka har yanzu yawancin guntayen na ɗauke da wata ƙaramar manhaja ta cikin gida wadda kamfani kaɗai ke ganin cikinta. In laifin can yake, mai gyara ba shi da abin yi illa ya kewaye shi ko ya jira.

Su wa ke ɗauke da wannan kaya? Misali mafi bayyana shi ne marigayi Larry Finger, masanin ma'adinai Ba'amurke wanda ya yi aiki a Cibiyar Carnegie da ke Washington. Bayan ya yi ritaya ne ya duƙufa kan direbobin Broadcom da na Realtek, yana tsabtace rubutun da kamfani ya fitar har ya cancanci shiga Linux, yana kuma amsa koke-koken mutanen da kwamfutarsu ta ƙi kama Wi-Fi. Ya rasu a watan Yuni na 2024 yana da shekara 84. Ba a cika shekara ba sai Kalle Valo, wanda ya daɗe yana tace gyare-gyaren direbobin Wi-Fi kafin su wuce gaba, ya sauka daga wannan aiki a farkon 2025. Abin mamaki ne a ce kamfanonin da ke sayar da guntaye miliyoyi sun bar wani sashe na wannan nauyi a kan dattijo mai cin fansho.

Akwai kuma matsala ta biyu, watau isar gyaran ga mai na'ura. Wanda ke amfani da Ubuntu ko Debian ko Fedora yakan samu sabuntawa cikin sauri. Waya da na'urar rarraba intanet kuwa sai gyaran ya bi ta hannun mai ƙera guntu, ya bi ta hannun mai ƙera na'urar, kowannensu da nasa reshen na Linux da ya yi wa ƙari, kuma da yawa sukan daina aiko da sabuntawa bayan 'yan shekaru alhali kuwa kayan na nan ana aiki da su. A kan haka ya kamata jami'in da ke sayen irin waɗannan na'urori wa ma'aikata ko makaranta ya tambayi shekara nawa mai ƙerawa ya yi alkawarin aiko da gyara, ya kuma sa amsar a cikin takardar kwangila, tun kafin a zo maganar farashi.

Su kansu masu kula da Linux sun nuna cewa ƙarfinsu na da iyaka. A shekarar 2023 aka bayyana cewa wa'adin kula da rassan dogon zango, wanda a dā ake kaiwa shekara shida, za a mai da shi shekara biyu a matsayin ƙa'ida, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da gajiyar masu kulawar.