Zuwa ga malaman asibiti da masu kemis na Anka, Gummi da Bukkuyum



'Yan'uwa, akwai wasu ƙuraje da magani ke haddasawa, likitoci na ce musu AGEP, likitocin Faransa ne suka fara ware su da suna a 1980. Ba su da yawa, mutum 1 zuwa 5 cikin miliyan a shekara, amma wanda suka kama wurinku zai fara zuwa kafin ya ga likitan fata.

Ga yadda suke. Mutum ya sha Amoxicillin ko Ampiclox, kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi ya haura 38, fata ta yi ja, ta kumbura tana zafi, ƙananan ƙuraje masu mugunya kamar ƙwayar gero su feso a hammata, matsematsi da fuska, sannan su bazu. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka ku duba a hasken rana, ku taɓa. Hydroxychloroquine ma na jawo su, amma shi kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya nuna.

Nan ake tafka kuskure. Ido na ganin mugunya sai hannu ya kai ga wani kafso mafi ƙarfi, alhali babu ƙwayar cuta a cikinta, kafson farko ne ya jawo ta. Kafin ku ce ƙyanda ce ko ƙarambau, ku tambaya: Baba, me ka sha a makon nan? Ku sa a kawo kwalin, har da wanda aka saya wurin mai talla ranar kasuwa, don shi ne ba a faɗa.

Ku tsayar da maganin nan take. A sha ruwa sosai, a tsaftace fata, a shafa man steroid. Yawanci cikin mako biyu ƙurajen kan bushe, fata ta yi saɓa. Tsoho, mai ciki da wanda fitsarinsa ya ragu, a kwantar da su a babban asibiti.

Idan kuwa leɓe da ido sun yi gyambo, fata na salewa, musamman bayan Septrin ko Fansidar, wannan Stevens-Johnson ne, ya fi kisa nesa ba kusa ba. Kada majinyacin ya kwana a hannunku, ku tura shi FMC Gusau ko UDUTH Sakkwato.

Don Allah ku rubuta sunan maganin a katin majinyaci, ku faɗa wa iyalinsa kada ya sake sha, ku kuma cike fom ɗin rahoto na NAFDAC.