Mu Bar wa Kare Kunnensa

Daga Jangeru har Zurmi, kwikwiyo bai gama wayo ba mun ɗauko aska mun datse masa kunne, wai don ya yi zafi a farauta. Wane zafi? Jarumta a zuciya take. Ribarmu kawai gyambo da ƙudaje.

Yau da ’yan bindiga suka hana mu barci, haushin kare ke fara tayar da mu. Da kunnen nan yake tsinto motsin dare, mu kuma muna guntule shi.

Ingila ta hana wannan da doka. Mu da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta nuna mana tsaga kunnen dabbobi umarnin Shaiɗan ne, me muke jira? Mu ajiye askar.