Tsaron ƙofar fili ba ladan kamfe ba ne

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a filayen ƙwallonmu Allah ne kawai ke tsare mu.

Ranar 9 ga Mayun 2001 a Accra, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka mutu. A Maris 2016 aka buɗe filin Ahmadu Bello na Kaduna kyauta ranar wasanmu da Masar, mutane har kan turakun fitila. Da an samu firgici ɗaya, wa zai iya ƙirga gawa?

Kula da 'yan kallo aiki ne da ake koya: ƙirga masu shiga, tsai da layi idan fili ya cika, barin hanyar fita a buɗe. Dokar FIFA ta hana barkonon tsohuwa a fili. Mu kuwa sai a kwaso yaran ɗan siyasa, a ba su riga mai ƙyalli da dorina. Su karɓi na goro su tura marar tikiti ciki, ana take wasa su ma su koma 'yan kallo.

Kar wani ya ce min ƙaddara. Ajali na Allah ne, amma kwaɗon ƙofa mutum ne ya sa shi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san halinmu, sai an yi jana'iza ake kafa kwamiti. NFF da NPFL, duk filin da ba shi da horarrun masu kula, a buga wasansa babu 'yan kallo. Gara kulob ya yi asarar kuɗin ƙofa da uwa ta rasa ɗanta.